Ƙarar Birkin Baya a Toyota Sienna ta 2001: Ina Neman Shawara

Mai Sienna:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sanin harkar mota. Ina da Toyota Sienna samfurin 2001, irin ta farko mai injin V6, wadda nake ɗaukar iyali da ita a cikin gari, wani lokaci kuma mu kama hanyar Zariya zuwa gida. Kamar yadda masu irinta suka sani, birkin gabanta faifai ne mai fad, na baya kuwa diram ne mai shu, wato kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da lanƙwasassun ƙarafa biyu a cikinsa da ke dannar sa ya tsaya, kuma na bayan nan ne ya hana ni sakat.

Ƙarar iri biyu ce. Ta farko siririya ce mai shiga kunne, tana fitowa ne idan na ɗora ƙafa a hankali a kan birki lokacin da motar ta kusa tsayawa, musamman a cunkoso, amma da zarar na danna da ƙarfi sai ta ɗauke. Ta biyu kuwa gugar ƙarfe ce da ke zuwa tana tafiya daidai da juyawar taya, ko da ban taɓa birki ba, kuma kunnena yana ba ni cewa daga ƙafar dama ta baya take fitowa.

Na kai motar gareji, aka canza shu na ɓangarorin biyu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ƙarar ta dawo, har da ƙarin wata "ƙwas" da nake ji idan na ja da baya na taka birki. Bakaniken da ya yi aikin ya ce sabon shu ne, in ba shi lokaci zai zauna. Wani kuma ya ce a cire diram a wanke cikinsa da fetur, shi ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne fedal ɗin birki ya fi da nitsewa, birkin ajiye mota kuma sai ya kusa ƙurewa kafin ya riƙe.

Shin akwai haɗari idan na ci gaba da hawa haka? Me ya kamata in sa a duba a gabana? Kuma lallai ne sai na sayi sabon diram, ko za a iya gyara wanda ke ciki? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka rarrabe ƙarar, domin rabin aikin ke nan. Amsar tambayarka ta farko ita ce, ƙara siririya ita kaɗai ba ta cika zama haɗari ba, amma idan ta haɗu da nitsewar fedal, to ba abin da za a ce a bari ya zauna ba ne, kuma ban ba ka shawarar kama hanyar Zariya da iyali ba sai an buɗe an gani.

Abin da nake zato, tun kafin in ga motar, shi ne an canza shu kawai an mayar da diram an ɗaure, ba a waiwayi sauran kayan da ke ciki ba. Birkin diram ba shu ba ne kaɗai. Akwai farantin baya da komai yake zaune a kansa, akwai silindar taya da ke tura shu idan man birki ya shigo, akwai sifirin da ke janyo shu ya koma mazauninsa, akwai ƙananan sifirin da fil da ke danne shi a jikin faranti, sannan akwai ajasta da ke rage tazarar da ke tsakanin shu da diram yayin da lainin, wato abin da aka liƙa a fuskar shu mai gugar diram, yake cinyewa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da irin ƙarar da yake yi idan ya gaji, kuma sabon shu ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Kafin a kwance komai, ka tabbatar cewa daga baya ƙarar take, domin kunne yana ruɗin mutum a cikin doguwar mota. Ka sami fili inda babu jama'a, ka tafi a hankali ƙwarai, sannan ka sa birkin ajiya kaɗan-kaɗan ba tare da ka taka fedal ba. Wannan birkin shu na baya kaɗai yake turawa, saboda haka idan ƙarar ta fito ko ta sauya salo, to ka kama inda take. Bayan haka a sa waji a tayoyin gaba, a ɗaga bayan motar, a tokare ta da abin tokara na ƙarfe, kada a bar ta a kan jak shi kaɗai, a saki birkin ajiya, a juya kowace taya da hannu ana saurare.

Wajen cire diram, kada ka yarda a yi ta dukansa da babbar guduma. A fuskar diram ɗin Toyota akwai ramuka biyu masu zare, inda ake ɗaura kusoshi masu kaurin milimita 8, a riƙa ɗaure su bi da bi har diram ya turo kansa waje. Idan ya motsa sannan ya maƙale, alama ce ta cewa bakinsa ya yi tudu ya kama shu, sai a cire 'yar robar da ke bayan faranti a sa sukundireba a sassauta ajasta. Wanda ya ja da ƙarfin tsiya yana lanƙwasa fil ɗin da ke riƙe shu, ko ya lauye gefen faranti, kuma farantin da ya lauye shi kansa yana gugar diram a kowane juyi. Wannan na daga cikin abubuwan da nake zargi game da ƙararka ta biyu, tunda an taɓa buɗe wurin kwanan nan.

Idan an buɗe, fara da diram ɗin. Sa yatsa ka shafa cikinsa daga ciki zuwa baki. Inda shu yake gogawa ya kamata ya zama sumul, ba tare da kwaruruka masu kama farce ba, ba tare da tabo mai launin shuɗi na ƙonewa ba, ba tare da tsagewa ba. A can bakin ƙarshe, inda tsohon shu bai taɓa kaiwa ba, za ka iske wani siririn tudu na ƙarfe da tsatsa. Sabon shu, da yake gefensa bai cinye ba, yakan taɓa wannan tudun, sai ka ji guga mai zuwa tana tafiya. Sannan ka duba fuskar lainin: idan tana ƙyalli ta yi santsi, zafi ya gasa ta, kuma irin wannan fuskar ce ke kawo siririn kukan da kake ji a cunkoso. Idan kuwa ka ga tsakiyar lainin kaɗai ta goge, kai da gindi ba su taɓa komai ba, to diram ɗin ya faɗaɗa ya fi ƙarfin lanƙwasar sabon shu.

Wurin da aka fi mantawa shi ne jikin faranti. A ƙarƙashin kowane shu akwai 'yan tudu guda uku da aka yi domin gefen ƙarfen shu ya riƙa zamewa a kansu, wato shida ke nan a kowace ƙafa. A motar da ta haura shekara ashirin, sau da yawa za ka iske sun bushe sun yi tsatsa, har shu ya haƙa musu rami. Idan aka taka birki, shu yakan maƙale a ramin sannan ya fizge ya fita, kuma wannan fizgewar ce "ƙwas" ɗin da kake ji. Maganinsa a goge wurin da samfefa har ya daidaita, a shafa giris na birki mai jure zafi, ɗan kaɗan wanda ba zai narke ya gangaro kan lainin ba.

Batun wankewa da fetur kuwa, ka bar shi. Fetur yana kumbura robar silinda, yana kuma barin maiƙo a jikin lainin. Akwai feshin wanke birki na gwangwani, da shi ake yi. Ka sa a buɗe a gabanka, ka dawo ka faɗa mana abin da idonka ya gani.

Direban Haya:

Ina goyon bayan abin da Oga ya faɗa, sai dai ina so in ƙara abin da muke gani mu da muke lodin fasinja da irin wannan motar. Ba kowace ƙarar baya ba ce ta birki. Boris ɗin ƙafa idan ya fara mutuwa yana gunji ne mai kauri wanda ke ƙaruwa da gudu, yana kuma sauyawa idan ka karkata sitiyari hagu ko dama a kan titi, ba ruwansa da ka taka birki ko ba ka taka ba. Shokozoba da bushin ɗinsa kuma a kan gargada suke magana. Saboda haka tun da motar tana sama, a riƙe tayar a sama da ƙasa a girgiza ta. Idan tana da wasa, to a fara da boris, domin boris mai wasa yana sa diram ya karkace ya riƙa taɓa shu, kuma duk gyaran da aka yi wa birki a banza zai tafi.

Abu na biyu shi ne ingancin shu ɗin da aka sa maka. A kasuwar kayan gyara akwai na asali, akwai na kamfanonin da aka sani, akwai kuma marar suna wanda lainin ɗinsa ya cika tauri, ko tsohon ƙarfen shu da aka liƙa wa sabon lainin a nan gida. Mai taurin yana kuka tun daga makon farko, yana kuma cinye diram maimakon shi ya cinyu. Wanda aka liƙa kuwa ni ban yarda da shi ba sam, domin idan zafi ya yi yawa lainin yana iya ɓarewa ya naɗe a ciki ya kulle tayar. Ka tambayi bakanikenka kwalin da shu ɗin ya zo a ciki.

Akwai kuma ƙarar da ba ta buƙatar gyara. Da damina, idan mota ta ratsa ruwa ta kwana, cikin diram yakan yi tsatsa sama-sama, sai ka ji guga da safe, amma kafin ka fita unguwa ta goge ta yi shiru. Da hunturu kuma ƙura takan taru a ciki, tunda diram a rufe yake ba ta da mafita, ta haɗu da garin lainin ta kawo kuka. Taka ba ta yi kama da waɗannan ba, tunda ta ƙi tafiya.

Game da diram, ni ra'ayina idan da hali ka sayi sabo, ko na Beljiyam mai kauri da aka auna a gabanka. Na ga yadda wasu masu injin yanka ƙarfe suke cire nama da yawa, diram ya fito da kyau a ido amma ya yi siriri, kuma siririn diram ba ya jure zafi idan mota ta yi lodi.

Mai Sienna:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na kai motar wani gareji na tsaya aka buɗe a gabana. Boris lafiyarsa ƙalau, babu wasa, babu gunji. A ƙafar dama mun iske tudun tsatsa a bakin diram kamar yadda Oga ya kwatanta, kuma gefen sabon lainin ya nuna alamar yana hawa kansa. 'Yan tudun jikin faranti a bushe suke, biyu daga cikinsu sun yi rami da farce yake kamawa. Sifirin duk tsofaffi ne aka mayar, ɗaya ya buɗe har ana ganin haske tsakanin zobensa. Ajastan dama ya cije da tsatsa, ko da filaya da ƙyar ya juya.

A ƙafar hagu kuwa, da aka ɗaga robar da ke rufe bakin silinda, sai mai ya ɗigo, kuma kan shu ɗaya ya yi baƙi ya jiƙe. Bakaniken ya ce za a iya canza robar ciki kawai, a goge shu ɗin da samfefa a mayar tunda sabo ne, a canza diram na dama shi kaɗai. Ban ba shi izini ba tukuna. Me kuke gani?

Malamin Fasaha:

Malam, ka yi daidai da ka dakata. Abin da kuka gani a ƙafar hagu ya fi duk sauran muhimmanci, ko da yake ba shi ne ya fi ƙara ba. Robar wajen silinda aikinta hana ƙura shiga ne kawai, bai kamata a sami mai a ƙarƙashinta ba. Idan ya ɗigo, robar ciki ta saki. Canza robar kaɗai yana yi ne idan cikin silindar sumul yake, amma man birki yana jan danshi daga iska, kuma a tsohuwar mota danshin nan yakan ci cikin silinda ya bar ƙananan ramuka da za su yaga sabuwar robar. Silindar gaba ɗayanta ba ta cikin kayan da ke da tsada, don haka ni zan canza ta, in kuma canza ta daman tare da ita tunda shekarunsu ɗaya.

Shu ɗin da ya sha mai ba ya gyaruwa da samfefa. Lainin yana tsotse mai ya shige cikinsa, idan ka goge sama ya bushe, da zarar ya ɗauki zafi sai man ya sake tasowa. Irin wannan shu wani lokaci yana santsi, wani lokaci kuma yana cafkewa farat ɗaya, sai motar ta ja gefe. Na san da ciwo a jefar da abin da aka saya kwanan nan, amma a sa sabon saiti a ƙafafun biyu, domin dole ne dama da hagu su riƙe daidai wa daida. Da wannan dalilin ne kuma ban yarda a canza diram ɗaya a bar ɗaya ba.

A kan yanka diram, na ɗan saɓa da ɗan'uwanmu direba. Yankan ba laifi ba ne idan an auna. Kowane diram yana da iyakar faɗin da kamfani ya yarda da shi, an zuba lambar a jikinsa da milimita. A auna cikin a wurare da dama domin a ga ko ya zama ƙwai-ƙwai, wanda shi ke sa fedal ya riƙa bugun ƙafa. Idan bayan yankan faɗin zai tsaya ƙasa da wannan lamba, diram ɗin yana da sauran rai. Idan zai kai ta ko ya wuce, a jefar. Sai dai a gaya wa mai injin ya yi yankan ƙarshe a hankali, domin yankan gaggawa yana barin siririn zare mai zagaye a ciki kamar na noti, kuma wannan zaren yana jan shu gefe har sifirin ya fizgo shi ya bugi faranti, sai mota ta fito daga gyara da sabuwar ƙara. A bi cikin da samfefa, a wanke da ruwa da sabulu, a busar sosai.

Nitsewar fedal da ƙurewar birkin ajiya, babban dalilinsu ajastan nan ne da ya cije, domin shu yana yin doguwar tafiya kafin ya taɓa diram. Yoyon man kuma yana iya ƙarawa. A warware ajasta, a goge zarensa, a shafa masa giris kaɗan. A kula kada a musanya na dama da na hagu, domin zarensu ba ɗaya ba ne, kuma idan aka musanya zai riƙa sassautawa a maimakon ɗaurewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a gama ƙafa ɗaya kafin a kwance ɗayar, a riƙa duba wadda ba a taɓa ba. Sifirin da fil kuwa a saiti ake sayar da su, a canza duka.

Bayan an haɗa, a fitar da iskar da ta shiga bututu har mai ya riƙa fita babu kumfa, da man birki nau'in DOT 3 daga sabuwar gora da ba a taɓa buɗewa ba. Notin taya a ɗaure su a gicciye, kuma ma'aunin Toyota a wannan motar shi ne 103 Nm (awon ƙarfin ɗauri); ɗaurin da ya wuce kima, ko wanda bai daidaita ba, yana iya lauye diram. Ina kuma roƙon a gaya wa yaran gareji kada su hure ƙurar ciki da iskar kwamfaresa ko da baki, domin wasu lainin har yanzu suna ɗauke da asbestos, wanda shaƙarsa ke lalata huhu.

Tsohon Bakanike:

Malamin Fasaha ya gama magana a kan silinda da shu, ba ni da abin da zan rage. Ramin jikin faranti nake so in koma kansa, tunda kun same shi. Idan bai yi zurfi ba, samfefa ko ɗan fayil ya isa. Idan ya yi zurfi, a sa mai walda ya cike shi a goge ya dawo daidai da sauran, ko a nemi wani farantin, domin idan aka goge tudu ɗaya ya yi ƙasa da 'yan'uwansa, shu zai zauna a karkace ya cinye gefe ɗaya.

Wajen saiti, a buɗe ajasta har diram ya fara taɓa shu, a taka fedal sau da yawa domin shu ya zauna a tsakiya, sannan a sassauta kaɗan har taya ta juya da hannu ana jin shafa sama-sama kawai. Sai an gama wannan ake taɓa wayar birkin ajiya, idan ma tana buƙata. Masu ɗaure waya domin su ɓoye tazarar shu suna sa birki ya riƙa ja a kan hanya ne, kuma daga nan lainin yake ƙonewa ya soma kuka. A Toyota da yawa na wancan zamanin, sa birkin ajiya da sakinsa ne ke motsa ajasta, don haka masu mota mai giyar otomatik da suke barin ta a P kawai su ne ajastansu ya fi cijewa. Ka riƙa amfani da shi duk lokacin da ka ajiye mota.

Idan ka karɓi motar, ka nemi titi marar cunkoso ka riƙa rage gudu daga kamar kilomita 50 zuwa 10 da matsakaicin taki, kana barin tazara tsakani domin ƙarfe ya huce, har lainin ya kama siffar diram. Bayan ka tsaya, kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafar baya ba tare da ka taɓa ba. Ɗumi daidai a ɓangarorin biyu shi ake so. Idan ɗaya ta fi zafi sosai ko tana wari, saitin ya yi tsauri ko wani abu yana maƙalewa, ka koma a sassauta kafin ka hau babbar hanya. A 'yan kwanakin farko kuma ka riƙa leƙa gorar man birki da bayan faranti, ka tabbatar mai ba ya raguwa kuma wurin a bushe yake.